Ba Zan Hau Motar Damagaram Ba

Zuwa ga maigidana, inuwata a garin da ba bishiya, ruwan randata a zafin Arlit, gaisuwa mai yawa har Yamai.

Yayanka Muktari ya kawo mini saƙonka jiya: wai in tattara kayana in koma Damagaram, za ka sawwaƙe mini, tunda shekara shida ba haihuwa, kuma ƙarfinka ya tafi. To ga amsata: ba inda za ni! Wa ya ce maka don ɗa kaɗai na biyo ka cikin hamadar nan?

Ka tuna ranar da na tsaya bakin kasuwa ina ɗaga maka hannu, ka wuce ni da kar ɗin ma'aikata, babbar motar da kake tuƙawa, ko waiwaye babu? Kwana biyu ina fushi, ashe gefen idonka ne ya rufe. Ni ke wanke rigunanka. Na ga ɗigon nono a ƙirjinsu, na yi shiru don kada ka ji kunya. Wallahi shirun nan kaɗai nake nadama. Abokan aikinka suka ce ƙurar ma'adinin uraniyom da ake haƙa a nan ce, ba ta da magani. Gwaggonka ta ce ni na ɗaure ka. Kai kuma ka yi ta shan maganin maza na 'yan kasuwa, kana ɓoye ciwon kai kada a karɓe maka tuƙi.

Yanzu fa? Muktari ya gaya mini komai. Likita a asibitin Yamai ya auna jininka, ya ɗauki hoton kai, ya ga ɗan ƙari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ƙarin nan shi ke zuba abin da ke kawo wa mai jego nono, shi ke danne jijiyar ido. Likitan ya ce ƙwaya sau biyu a sati za ta rage shi, wataƙila ba sai an yanka ba. Cuta mai suna, mai magani, ita za ta raba ni da kai? Sai da guga ya kusa bakin rijiya za ka saki igiya?

Haihuwa ta Allah ce. In ta zo, madalla. In ba ta zo ba, kai na aura. Ina son ka, ina kewarka har abinci ya fita raina.

Tun aurenmu ban taɓa kiran sunanka ba, kunya ta hana. Yau na ajiye ta, tunda ita ta kusa raba mu. Halidu! Sha maganinka ka dawo gida. Litinin da Alhamis, ni zan riƙa miƙa maka ƙwayar da hannuna.

Taka, a ɗakinka, har ranar da za a fitar da ni a makara,
Bara'atu