Rantsuwar da Baba Ya Nema

Zuwa ga Yaya Mu'azu,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma a gidanmu babu wanda zan faɗa wa, don tun da ka kashe kanka Baba ya hana a ambaci sunanka.

An ba mu jiha, yanzu Katsina muke, ba Kaduna ba. Na gama karatun likita, ina aiki a Malumfashi. Audugar bana ta yi kyau, an kai ta Funtuwa. Matarka Hajara ta koma gidansu a Gozaki. Gayaunarka, 'yar gonar nan taka ta kanka, Kawu Sale ke noma ta, bai tambayi kowa ba.

Ka tuna daminar da gwiwoyinka da yatsunka suka fara kumbura? Wanzami ya yi maka ƙaho, aka yi maka sakiya, kumburin ya sauka ya dawo. Duk dawowarsa da zazzaɓi sai ka daina magana, ka ƙi tuwo, ka kwanta ka juya fuska ga bango. In ya sauka ka fito kana tsokanar Inna. Baba ya ce ciwon gwiwa ba ya hana baki gaisuwa, lalaci ne kawai. Ka san dokar gandu: wanda bai fita gona ba, ba a buɗe masa rumbu. Ya raba maka tukunya ana tsakiyar noman maimai, a gaban ƙannenka. Kawu Sale ya sa maka suna Sarkin Tabarma, har 'yan kasuwa suka ɗauka.

Yaya, a asibiti na ga irinka. Jiki yana da garkuwar da ke yaƙar cuta, wani lokaci kuma sai ta juya kan gaɓoɓin mai ita. Wannan ne kumburin. Ana zaton abin da take zubawa a jini yana kaiwa ƙwaƙwalwa, ya kashe cin abinci da barci da son rayuwa. Zato na ce. Ba a gama tabbatarwa ba, kuma babu wanda ya taɓa auna jininka.

Na yi wa Inna wannan bayani, ita ta kai wa Baba. Shi kuma ya je wurin Liman, wanda ya tsaya gefe ranar jana'izarka ya bar wasu suka sallace ka. Liman ya ce in ta tabbata ciwo ne ya gusar maka da hankali, to babu laifi a kanka, shi da kansa zai zo a yi maka addu'a. Inna ba ta jira ba, ta jiƙa geron gumbar sadaka.

Ran Juma'a Baba ya kira ni zaure, ya ajiye Alƙur'ani tsakaninmu. Ya faɗi sunanka, Yaya. Na ji da kunnena. Ya ce in rantse ciwon ne ya kashe Mu'azu.

Na ce mai yiwuwa ne ƙwarai, amma ba zan iya rantsewa ba. Ya ce to in ba ciwon ba, me? Na ce a iya sanina ciwo kaɗai ba ya cika kai mutum nan, sai ya haɗu da kaɗaici da wulaƙanci.

Sai ya ce fartanyarka ce ta kai ni makaranta, ga shi na dawo masa da mai yiwuwa. Ya ɗauke Alƙur'anin, ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna ta zuba wa awaki geron. Ta zuba. Dokar sunanka ta dawo, ni ma ya daina amsa gaisuwata.

Me ya kamata in yi? In rantse kan abin da ban sani ba? Da kai aka tambaya a kaina, na san ba za ka bari ya rufe baki ba, da ka ɗora hannu kan Alƙur'anin. Kuma ina jin haushinka, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Me ya hana ka jira in gama?

Gobe akwai wani manomi daga Musawa da zan duba, yatsunsa kamar naka. Bayan gwiwa zan tambaye shi ko yana barci, da kuma wa ke kai masa tuwo.

Ina yi maka addu'a kullum. Wannan ba sai na rantse ba. Allah ya ji ƙanka.

Ƙaninka,
Tukur