Kafin Muryar Baba Ta Tafi

Gida, farkon Disamba

Yaya Onisim,

Salamar Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Ligia da yara, kuma aikin tayil ɗin Sifen bai gama karya maka baya ba. Lemon da ka aiko ta hannun direba ya iso, rabi lemo rabi ruwa, don wani ya ɗora masa akwati tun daga can. Mama ta gode.

Ba don lemo na ɗauki biro ba. Dishewar muryar Baba da muke ta cewa sanyi ne, ashe ba sanyi ba ne. Mun je asibitin birnin Iași, likita ya duba, ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. In aka yi aiki da wuri aka cire wurin da murya take fitowa, Baba zai rayu har ya ga auren jikokinsa. In aka ja lokaci har ƙanƙara ta narke, ba shi da alkawarin da zai yi mana. Baba ya tambaye shi ko bayan aikin zai iya magana. Likita ya ce a'a. Sai tsohon ya gode masa, ya ɗauki hularsa, ya fita.

Ka san dalilin ba sai na faɗa ba. Tun kafin a haife mu Baba yake durƙuso yana roƙon baftismar Ruhu Mai Tsarki, har yau bai samu ba. Mama ta samu, kai ka samu, ni na samu, har Costel mai satar kaji a dā ya tuba bara ya samu a mako guda. A cikin jirgin ƙasa da muke dawowa ya raɗa mini da ɗan abin da ya rage masa na murya:

"Alamar wanda aka cika ita ce ya yi magana da harsuna, yaren da bai taɓa koya ba. In suka cire mini murya, da me zan yi? Ba zan je gaban Ubangiji babu hatimi ba."

Ya ce a bar shi sai ya samu tukuna. Bayan Kirsimeti za a fara addu'ar naci a gidan Ɗan'uwa Gavril, dattijon ikilisiyarmu, kamar kowace shekara, nan ya ɗora dukan begensa. Mama kuka take yi a bayan murhu tana cewa hayaƙi ne. Ni kuwa tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ka rubuto masa, ko ya ji taka. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Semida

Castellón, Sifen, daf da Kirsimeti

Semida,

Salama. Wasiƙarki ta same ni a wurin aiki, ranar ban ɗora tayil ko ɗaya daidai ba.

Ba zan rubuta wa Baba ba. Ni da shi in muka fara, sai ya jefo mini aya in jefa masa tsaki, a tashi babu wanda ya ci. Ni ne na samu baiwar ina ɗan shekara goma sha huɗu, a zama na farko, kuma da gaske na samu, ba na musu. To ki duba ni. Ta hana ni fushi? Ta hana ni shan taba, da Ligia take shinshino ta a rigata? Mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba shi ne ba shi da hatimi, ni ke da shi? Wannan lissafi bai shiga kaina ba.

Ga shawarata, kar ki tsaya yi mini wa'azi. Muryar Baba ai ta riga ta dishe, ba a jin abin da yake cewa sosai. Ki je wurin Ɗan'uwa Gavril a keɓe. Ranar addu'a, in hayaniya ta yi hayaniya, ya durƙusa kusa da shi, ya tashi ya ce ya ji Baba yana harsuna. Kowa zai ce amin, washegari ku hau jirgi. In zunubi ne, a rubuta shi a kaina, ina da wurin ajiye shi.

Ina neman a ba ni hutu, amma kin san takarduna, in na fita shigowa sai an yi da gaske. Ki rungume mini Mama.

Onisim

Gida, Janairu

Yaya,

Salamar Ubangiji, da barka da sabuwar shekara. Kunya ta kusa kashe ni saboda kai, don na je. Ɗan'uwa Gavril yana ba shanu ciyawa na same shi, na yi ta kewaye-kewaye har ya gane inda na dosa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce shi da Baba tare aka yi musu baftismar ruwa a kogi, kuma da ƙarya za ta yi aiki a kan Calistrat, wato Baba, da ya ji tsoron kada ya yi ta. Ya ce ubanku ba ya sayen doki sai ya buɗe masa baki, shi za a gaya wa ya yi abin da bai ji kansa ya yi ba? Ya kuma ce shi bai taɓa koyar da cewa wanda bai yi harsuna ba ba zai ga Ubangiji ba, ya gaya wa Baba haka, Baba ya ce ya ji. Ka san wannan "na ji" tasa.

Addu'ar naci kuwa an yi. Ɗaki ya cika har tagogi suna zufa, maza gefe, mata gefe, kowa a gwiwa. 'Yan mata biyu sun samu, da ɗan Costel. Aka kewaye Baba, wannan ya dafa kafaɗa, wancan yana yi masa ihu a kunne wai ya saki harshensa. Da aka tashi Baba ya ce wa mai ihun, "Na sake shi, ɗan'uwa, babu inda ya je." Na yi dariya, na koma bayan gida na yi kuka. Yanzu tuwon masara ma ba ya wuce masa sai Mama ta dama shi da madara.

Mama ta tuna mini wani abu da ban san shi sosai ba, don ina ƙarama. A zamanin da gwamnati ta hana taron ibada, in za a yi addu'ar naci sai a toshe tagogi da barguna da matasan kai. Duk da haka ƙarar tana fita, don in Ruhu ya sauko babu mai iya cewa a yi a hankali. Sai Baba ya riƙa fita tsakar gida yana faskare, ƙarar gatari ta rufe ta addu'a, idonsa kuma yana kan hanya ko 'yan sanda za su ɓullo. Kowane hunturu haka, ba wanda ya sa shi. Ta ce mutanen da suka samu baiwa yana waje ba su ƙirguwa, kuma gidan Gavril bai taɓa rasa itace ba.

An ce za a ƙara mako guda dominsa. Ka yi addu'a, ko da tabar a aljihunka.

Semida

Castellón, ƙarshen Janairu

Auta,

Salama. Ki yafe mini aiken da na yi miki, ni ne na ji kunyar yanzu.

Na tuna gatarin nan. Ranar da na samu ma ina jin sa ta bango, ban taɓa haɗa abin a kaina ba sai da na karanta wasiƙarki a bakin gado. Ligia ta tambaye ni me ya same ni, na miƙa mata wasiƙar.

Inna Aspazia tana nan da rai? Wadda in ta fara harsuna sai karnukan unguwa su amsa? Kin rubuto mini shekarun baya cewa shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana. Kowa yana ta kai Baba wurin masu murya. Ki kai shi wurin wadda ta rasa tata. Ban san me zai faru ba, tunani ne kawai ya zo mini a kan tsani.

Ki gaishe shi. Ki ce ina gaisuwa da kyau.

Yayanki

Gida, Fabrairu

Yaya Onisim,

Salamar Ubangiji. Ashe wani lokaci kanka yana aiki.

Ban ce wa Baba mu je neman shawara ba, da bai je ba. Cewa na yi itacen Inna Aspazia ya ƙare, jikarta kuma ba ta iya gatari. Kafin in rufe baki ya ɗaura wa doki keke. Muka isa da hantsi, ya sauke itace, ya tsaya zai faskara. Yana sara biyu yana hutawa, numfashinsa yana fito kamar tsohuwar buta. Can jikar ta leƙo ta ce kaka tana dukan gado da sanda, wai a shigo da mai gatarin.

Tana kwance kusa da murhu da ɗankwalinta a ɗaure tsaf, ta rame, amma idon nan nata yana nan. Baba ya cire hula ya yi mata salama, ya zauna. Na gaya mata komai, yana harararata ina ci gaba. Da na gama ta ɗaga hannun da yake motsi, ta yi alamar sara a iska, ta nuna Baba, sannan ta nuna bakinta. Jikar ta ce ai kullum in ta ji ana faskare sai ta yi haka, don ranar da ta fara harsuna tana budurwa ƙarar da take ji ke nan.

Baba ya sunkuya ya tambaye ta abin da ke cinsa:

"'Yar'uwa, ki gaya mini gaskiya. Da muryar ta tafi, Shi ma Ruhun ya tafi?"

Ka ga yadda ta dube shi, kamar yaron da ya yi tambayar banza a makarantar Lahadi. Ta kamo hannunsa ta ɗora a wuyanta, ta rufe ido. Leɓɓanta suka fara motsi, da sauri, da sauri, yadda muka san su. Ko sauti ɗaya bai fito ba. Hawaye yana bin gefen fuskarta yana shiga kunne, ita kuwa murmushi take yi. Sun daɗe a haka, hannunsa a wuyanta, ni da jikar muka durƙusa don ba mu san abin da za mu yi da kanmu ba.

Da ta buɗe ido Baba bai sallama ba, ka san shi. Ya ce ai ita ta riga ta samu kafin ta rasa murya, shi fa? Sai ta sake hannunsa, ta ɗaga yatsa sama, ta dawo ta buga masa ƙirji da ƙashin yatsu har ya yi tari. Ta sake bugawa. Jikar ta ce, "Kaka, za ki ƙarasa shi kafin likita."

A hanyar gida, da muka wuce gada, Baba ya ce, yana kallon kunnuwan doki, "Wanda ya iya zama a gidan da babu murya, ya iya shiga gidan da babu murya. Ni ne nake ba Shi wa'adi." Ya ce in buga wa likita waya daga gidan waya.

An ba mu rana mako mai zuwa. Mama ta fara gasa kaza kamar za a yi biki. Ban san yadda aikin zai kasance ba, amma yau zan ci abinci in ƙoshi.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Semida

Asibiti, Iași, Maris

Zuwa ga ɗana Onisim,

Salamar Ubangiji Yesu ta kasance tare da kai da iyalinka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna gatari ya sani.

An yi aiki. Likita ya ce ya kwashe duka, kuma mun zo a kan lokaci. Ina numfashi ta wani rami a wuya, uwarka ta saƙa masa marufi. Ta ce tun da aka yi aure ba ta taɓa cin gardama da ni a jere haka ba.

Akwai magana da za ka ji daga bakin ƙanwarka, gara ka ji daga wurina. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce lokacin da suka sa mini maganin barci na yi ta magana da wani yare da ba ta sani ba, har sai da barci ya ɗauke ni. Semida ta yi kuka. Ɗan'uwa Gavril ya zo dubiya, yana so ya sanar a gaban ikilisiya. Likita kuma ya ce mutane da yawa suna sambatu a wannan hali. Na rubuta wa Gavril a allo cewa kada ya sanar. Ni ban ji ba, kuma ba na shaidar abin da ban ji ba. Wanda aka yi wa maganar Ya ji, in an yi.

Ban daina jira ba, amma yanzu ba da tsoro nake jira ba. Hunturu mai zuwa zan durƙusa a cikin ɗaki. In ana bukatar mai faskare, a nemi wani.

An ce kai ka ce a kai ni wurin Aspazia. Na gode. Ka zo lokacin yankan ciyawa in takardu sun bari, ka zo da yaran. Ba zan iya yi maka faɗa ba, sai ka yi amfani da damar. Tabar dai ka bar ta a can.

Ubanka,
Calistrat