Rigar Magaji a bakin ƙofa

Daga akwatin saƙo. 'Yar'uwar ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci, ban da zagi.

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan gida, barkanmu da war haka. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina wucewa, ban taɓa zaton zan turo tawa ba, to yau ga ni. Don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, kuma kada ku yi mini dariya don kun ji maganar ƙwallo ce. Ni ma da dariya na fara ɗaukar ta, yanzu ga shi tana neman raba mini miji da ɗa.

Ni matar aure ce, muna zaune a Dubai, unguwar Abu Hail. Maigidana Alhaji harkar kago yake yi a Murshid Bazaar, shi ke haɗa wa 'yan kasuwa kaya a ɗaure a loda a kwantena zuwa gida. Ƙananan yaran suna tare da mu, babban kuwa yana can gida wajen kakarsa yana karatu. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, Magaji nake ce masa, a nan ma haka zan kira shi.

A garinmu manyan kwalejoji biyu ne, titin jirgi kawai ya raba su. Ba zan faɗi suna ba, bari in ce masu kore da masu ja, don launin rigunan ƙwallonsu ke nan. Wanda bai taso a garin ba ba zai gane irin gabar da ke tsakaninsu ba, akwai gidan da in ka shiga da jar hula ranar wasa ko ruwa ba za a ba ka ba. Alhaji ɗan kore ne, ya yi musu gola a zamaninsa, har yau in ya fara labarin wani fenareti da ya tare sai shayin kowa ya huce. Tsofaffin ɗaliban kore da ke nan Dubai suna da ƙungiya, shi ne shugaba, kuma a falonmu suke taruwa duk ranar wasa, wani daga bakin fili can gida ya ɗaga waya yana hasko musu, su jona a talabijin. Manya da tumbi da furfura, sai ka gan su suna tsalle suna ihun yalla yalla irin na Larabawa har maƙwabci ya buga mana bango. Ni nawa dafa shinkafa da haɗa zoɓo, ofsayid ma har yau ban san mene ne ba.

Da Magaji ya shiga kore ya zama mai lamba tara, Alhaji kamar a ɗora shi a doki. Shekarar da suka ci kofi ya sa aka aiko masa da rigar da yaron ya buga wasan da ita, ni na wanke ta na goge, aka rataye a falo. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa ita kafin a ba shi ruwa.

Bara ne Magaji ya ji ciwo a gwiwa. Maimakon a bar shi ya huta, kocin ya ci gaba da sa shi wasa da allurar kashe zafi, har ciwon ya yi tsanani ya yi watanni yana ɗingishi. Da ya dawo gudun bai koma kamar da ba, sai ga mutanen da suke rera masa waƙa su ne ke ihun a cire shi, ya ƙare. Aka ajiye shi a benci. Ana haka masu ja suka neme shi, suka ce suna da mai duba ciwon 'yan wasa, kuma za su karɓe shi a ajin da yake, karatunsa ba zai koma baya ba. Ya tambayi ubansa, Alhaji ya ce ko a benci zai tsufa ya tsufa a kore. Ya tambaye ni, na ce ya yi istihara, in hankalinsa ya kwanta ya tafi, ni ƙafar ɗana na sani ban san kore ba. Ya tafi, kuma ban ɓoye wa Alhaji ba cewa da sanina.

Jama'a, ban san mutane suna da irin wannan baƙar zuciya a kan ƙwallon makaranta ba sai da na gani. Maci amana, ɗan haya, gurgun da aka saya a gwanjo, babu abin da ba a rubuta a ƙarƙashin hotonsa ba. Mai shayin bakin layinsu ya daina sayar masa. Wasu sun je ƙofar gidan kakarsa sun shafa jan fenti, tsohuwa tana ciki. Yaron da bai kai ashirin da biyu ba, bai saci na kowa ba, makaranta kawai ya canza. Su kuma masu jan ba wai sun rungume shi ba ne, in ya ci su yi tafi, in ya zubar su ce dama ɗan leƙen asiri aka turo musu. Tun daga lokacin Alhaji bai ƙara ɗaukar wayarsa ba, sallar da ta wuce ma ta bakina gaisuwarsa ta iso.

To ga inda matsalar take. 'Yan kore suna da wata al'ada tun zamanin su Alhaji. Duk ɗan wasan da ya bar su ya koma ja, ranar da ƙungiyoyin biyu za su fara haɗuwa sai a shimfiɗa tsohuwar rigarsa a bakin ƙofa, duk mai shiga kallo ya taka ya goge ƙafa. A gida a ƙofar fili ake yi, a nan kuma a ƙofar falonmu, shugaba ke shimfiɗawa. A ɗauki bidiyo a tura gurup, ba a nuna fuska, ƙafafu kawai, wai don kada hukumar makaranta ta kama ɗalibai. Na sha tsallake irin rigunan nan da tire a hannu, ban taɓa tsayawa na yi tunanin su ma suna da uwaye ba, Allah Ya yafe mini. Asabar mai zuwa kore da ja za su haɗu, kuma rigar da za a shimfiɗa ita ce wadda na goge da hannuna.

Na zaci tunda ɗan shugaba ne za a ɗaga ƙafa, ashe hakan ne ma ya ƙara ɗaure maganar. Akwai wani ɗan ƙungiyar, Oga Yohanna, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, daga Dubai Investments Park yake tasowa duk ranar wasa, jirgin ƙasa da bas, bai taɓa fashi ba. Shekarun baya ƙaninsa ne ya koma ja, ya roƙi a bar masa, Alhaji ya ce doka doka ce, har ya sa shi ya fara takawa. Yanzu da abin ya zo kanmu, shi Oga Yohannan ne kaɗai ya ce a taronsu a bar wannan al'ada haka nan, ya ce shi ya san abin da ya ji, har yau ƙaninsa ba ya sakin jiki da shi, ba ya so wani ya ɗanɗana. Suka taso masa. Wani mai kayan waya ya ce habibi, abin da aka yi wa naka shi za a yi wa na shugaba, halas, wato magana ta ƙare. A kasuwa ma ba su bar Alhaji ba, in ya wuce sai wani ya ce shugaba ya jajayen gida, a kwashe da dariya.

Ranar da Alhaji ya dawo ya tarar babu rigar a bango mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun aurenmu. Na ce na ɓoye ta kuma ba zan bayar ba. Ya ce ni na zuga yaron, na zubar masa da girma a gaban mutanen da su ne danginsa a ƙasar nan, wa ya zo masa lokacin da ya kwanta asibiti in ba su ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Na ce to sunan wa ke bayan rigar, ba naka ba ne, sunanka za ka shimfiɗa ƙarti su goge ƙafa? Ya ce yaron ne ya fara taka sunan. Na ce ya sauka daga shugabancin mana, ya ce ya sauka a ce ya gudu saboda ɗansa, da wane ido zai kalli Yohanna. A ƙarshe ya ce in ma ban fito da ita ba, a Deira akwai masu buga suna da lamba, kafin ya gama shan shayi an buga masa wata. Ku gani fa, ɓoyewar ma ba ta tsinana mini komai ba.

Kuma ba wai ba ya son yaron ba ne, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Ƙanwar Magaji ta ce ta ga uban nasu a mota yana maimaita bidiyon ƙwallon da yaron ya ci wa ja, yana ganin ta ya kife wayar. Amma na san Alhaji, in ya yi magana a gaban mutane ko za ta kashe shi sai ya cika ta.

Na kira yayan Alhaji in kai ƙara, ashe shi ma ɗan kore ne har ya fi shi, ya ce mata ba sa gane waɗannan abubuwan. Surukata ta yi masa magana, ya ce mata wasa ne kawai Hajiya, riga ce ba mutum ba. Na yi tunanin ranar in tsaya a bakin ƙofar in hana, to ɗan fari ne, in fito gaban maza ina kare shi, gobe duk matan Abu Hail sun ji cewa ba ni da kunya, kuma Alhaji ba zai taɓa yafe mini ba. Wallahi na gaji, abinci ma turawa kawai nake yi.

Jiya na kira Magaji, niyyata in lallashe shi kada ya buɗe gurup ranar. Ashe ya riga ya ji komai. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Umma ki ba shi rigar, kada a buga wata, kada ku ƙara faɗa a kaina. Duk su taka, na saba." Na ce ai ba a nuna fuska, ba ma zai san wa ya taka wa bai taka ba. Sai ya ce, "Umma ni nake matsa wa Abba ƙafa in ya zo gida. Ko a cikin ƙafa ɗari zan gane tasa. Ita kaɗai zan duba, in na gan ta ba zan ƙara damunsa da kira ba."

Na san zai duba, kuma na san zai gan ta. Iyaye mata da ke gidan nan, da ku mazan da kuka san zafin ƙwallo, me zan yi kafin Asabar? In miƙa rigar kamar yadda yaron ya ce, ko in tsaya a ƙofar in ajiye kunyar ko me za a ce a ce? Akwai maganar da za a gaya wa namiji ya janye ƙafarsa a gaban abokansa ba tare da ya ji ya faɗi ba? In akwai ku koya mini ita, ni tawa ta ƙare.