An Rataya Agogo a Masallacinmu

Da sunan Allah nike farawa. Daga ƙanwarka Bara'atu, a Ƙofar Taramniya cikin birnin Sakkwato, zuwa ga Yaya Siddiƙu a ƙasar Gabas. Gaisuwa mai yawa da bege mai tsanani. Allah ya ƙara maka lafiya kai da iyali, ya isar da ku Ɗakinsa, ya sa muna da rabon ganawa. Mu nan sai godiya. Inna ta ji sauƙin ƙafarta. Zulaihatu ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, an raɗa mata Dijatu. Gero ya yi kyau bana, sai dai tsuntsu ya taɓa shi.

Bayan haka, Yaya, ba don gero na ɗauki alƙalami ba. An sauke Baba daga ladanci. Ka tuna Hayatu ɗan Baffa Na'Allah, wanda Baba ya kama wa hannu ya koya masa riƙon alƙalami? To, yanzu malamin ofis ne wurin Nasara. Shi ya kawo agogo ya rataya a masallacinmu, wai sadaka. Baba ko kallo bai ishe shi ba, ya ci gaba da awon inuwa da ƙafa kamar yadda ya gada. Amma idonsa ya yi rauni tun bayan tafiyarka, mu dai muna ta rufawa.

Azumin bana cikin damina ya faɗo. Wani maraice hadari ya rufe yamma ruf. Hayatu ya ce agogo bai kai lokacin magariba ba, Baba ya ture shi ya kira magariba. Mun sha ruwa ke nan sai ga rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari, ja wur. Unguwa duka sai da anka rama azumi. Wallahi ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

Da anka taru a zauren liman, maigidana Maigandi yana wurin, shi ya kawo mani labari. Hayatu ya buɗe manɗiƙi, ilimin kafa hujja da ya karanta a gidanmu. Ya ce inuwa ba ita ce lokaci ba, alama ce kawai, agogo ma alama ne, mai hankali kuwa alamar da hadari bai rufewa yake bi. Baba ya ce mai duban inuwa shaida ne, da idonsa ya gani, agogo kuwa abin da anka faɗa masa a bariki yake maimaitawa, bai taɓa ganin rana ba. Ya ce idan anka sakar wa ƙarfe wannan aiki, wata rana za a rasa mai ɗaga kai ya dubi sama ya tuna Mai ita. Sai Hayatu ya ce ai fiƙihu ya yardar wa makaho ya bi maganar wani a kan lokaci. A gaban jama'a, Yaya! Baba ya laluba takalmansa ya fito.

Abin da ke ci mani rai, na kwana ina juya hujjar yaron nan ban samu inda ta karye ba. Gaskiya ya faɗa, ya yanka tsoho da ita. Ni a ganina ba daidaiton na'ura kaɗai za a tambaya ba, a tambayi abin da take raba mutum da shi. Sabon ladan daga tabarma yake leƙa bango ya miƙe, ko alfijir bai sani ba. Amma wa zai saurari mace a cikin gida? Baba kuwa ya daina fita sai Juma'a, tuwo ma sai an yi da gaske, ya zube ƙwarai.

Ga abin da ya sa nike rubuta maka. Hayatu ya ce har a Makka da Masar Musulmi da agogo suke aiki. Baba ya ce ƙarya ne, a tambayi Siddiƙu, abin da ya faɗa shi ne. Wannan kaɗai ya rage masa yake riƙe da shi. Ni kam zuciyata ta ba ni amsar tun tuni. Ban ce ka yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Amma idan Hayatu ne da gaskiya, don girman Allah kada ka yi gaggawar amsa. Yadda nike ganin jikinsa, ba zai daɗe yana jira ba.

Ka gaida Yaya Sadiyatu da su Gambo da Binta. Inna da Maigandi suna gaishe ku. Hayatu ma ya ce a gaishe ka, na rubuta ne don amana. Baba yana sa maka albarka, duk ayarin da ya shigo gari sai ya aika a tambayo ko akwai takardarka. Ka bar shi ya yi ta aikawa.

Wassalam, ƙanwarka Bara'atu.