Kunnen Hagu na Biskit

Burbank, Talata 4 ga Maris, 1958

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Goggo Opal ta rubuto mini cewa har yanzu da kanka kake kwashe dusar ƙanƙarar ƙofar gida. Don Allah ka bari. Ni lafiyata ƙalau.

Ka tambaye ni me nake yi a shirin kaboyin nan, tunda ba ka taɓa ganin fuskata a talabijin ba. Littafi nake riƙewa, Baba. Ba a jere ake ɗaukar labari ba. Mutum zai shiga ƙofa ran Litinin, ya fito ta cikinta ran Alhamis, ni ce mai tabbatar da cewa hular da ya shiga da ita ce ya fito da ita. In na ga kuskure, doka ita ce in yi magana nan take. Darakta Orval Keogh yana kirana Uwar Littafi.

Labarin wannan makon na kare ne. Iyalin Mahaffey, jaruman shirin, suna cikin bukkarsu a bakin daji, sai wani kare marar gata ya ɓullo. Matar ta kore shi, ya ƙi tafiya, daga baya su riƙe shi. Lyle Dunmire, mai horar mana da dabbobi, ya kawo karensa Duke, aka shafe shi da ƙasa, amma yana tafiya kamar mai gidan. Keogh ya ce, "Lyle, wannan ya fi ni cin abinci. Samo mini mayunwaci." Sai Lyle ya aro ɗaya daga gidan karnukan hukuma, ramamme, jaja-jaja, launinsa ɗaya da Duke. Ranar farko ya sace biskit daga teburin Mahaffey, sunan ya bi shi.

Ga tsarin da suka yi. A ƙarshen labari za a yi wa karen wanka. Biskit zai shiga baho, Duke ya fito, daga nan Duke ne karen shirin. Biskit kuma ya koma inda aka aro shi ran Juma'a, kuma kwanaki bakwai da ake jiran mai nemansa suna cika ran Asabar. Ka san abin da ake yi wa karen da ba a zo nema ba.

Na roƙi matar da nake haya a gidanta, ta ce ko tsuntsu ba ta yarda ba. Na roƙi Lyle, ya ce, "Wilma, ni ba gidan marayu na buɗe ba. Wanda ke aiki shi ke da keji."

To, zai yi aiki. Na ga wani abu jiya da safe, ban faɗa wa kowa ba tukuna.

Ka gaishe da Goggo.

'Yarka,
Wilma

Alhamis 6 ga Maris

Babana,

Ina fata kana lafiya, kuma sanyin ya sassauta. Zan gaya maka abin da na yi, kada ka ji shi a bakin wani.

Kunnen hagu na Biskit a yage yake, tsohon tabo ne. Na Duke duka lafiyayyu. Na lura tun ɗauka ta farko ran Litinin, na rubuta a littafi, na rufe bakina. Kwana uku muna filin da muka yi haya a bayan gari, kyamara tana ɗaukar kunnen nan, ina ƙirgawa. Sau goma sha ɗaya ya fito ɓaro-ɓaro, har da inda matar Mahaffey ke shafa shi tana kuka. Jiya muka bar filin, yau wani kamfani ya shiga, kuma tashar talabijin tana jiran fim ɗin mako mai zuwa. Babu damar sakewa.

Yau da safe aka cika baho. Sai da Duke ya fito yana kaɗa jela na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, kunne."

Keogh ya ce, "Wane kunne kuma, Uwar Littafi? Wa yake kallon kunnen kare?"

Na ajiye masa kwalin wasiƙun da muka samu bara, lokacin da farin ƙafar dokin Mahaffey ya koma ɗaya ƙafar. Wata tsohuwa daga Ohio har zane ta aiko. Ya duba biyu, ya jefar da hularsa ƙasa. Aka kira mai kwalliya ta manna wa Duke kunne da gam don ya yi kama da yagagge. Ya girgiza kai sau ɗaya, aikin ya tashi. Keogh ya ce, wai da wasa, a kawo almakashi. Lyle ya matso har hancinsu ya kusa haɗuwa, ya ce, "Fara da naka, Orval, ai ba ka amfani da su."

Ƙarfe biyu aka sa Biskit a baho, shi ne kuma ya fito. Ya jiƙa kowa, ya tsere ƙarƙashin keken doki. Keogh ya ce hakan ya fi kyau, amma bai dube ni ba.

Baba, shekara talatin kana gyaran jarida, kai ka koya mini cewa kuskure kafin injin bugawa ya juya ake faɗarsa, wanda ya jira bayan nan mugu ne ko rago. Na jira, kuma da gangan. Ba zan sa wa abin wani suna ba. Gobe furodusa yana son ganina, ba kuma zan yi masa ƙarya ba.

Taka,
Wilma

Lahadi 9 ga Maris

Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da Goggo, ga yadda ta kaya.

An yanke cewa Biskit ne karen Mahaffey har ƙarshen shekara, Lyle ya ba shi keji kusa da na Duke. Sai dai hukuma ba ta ba kamfani kare. Mutum take ba, mai suna da adireshi. Lyle ya riga ya cika adadin karnukan da lasisinsa ya yarda ya mallaka, ajiya kawai zai iya. A ofis kowa yana tura wa kowa. Na ga in aka ci gaba da haka Asabar za ta zo ana turawa, sai na hau bas ran Juma'a da sassafe na je na sa hannu da kaina.

Ƙarfe goma sha ɗaya na shiga wurin furodusa, Mista Voss. Tambaya ɗaya ya yi: yaushe na ga kunnen? Na ce Litinin, tara da minti goma, yana shafi na biyu na littafina. Ya ce, "Madam Sorensen, da kin ce ba ki lura ba, da na yi miki faɗa kin koma aiki. Mai riƙe littafin da ke zaɓar lokacin magana ba ni da wurinta." Ban yi gardama ba, gaskiya ya faɗa. Na miƙa littafin, na kwashe kayana. Na hau bas na koma gida. Shekara shida ke nan ina wannan aiki.

Kada ka damu, kada kuma ka ce in dawo gida Ogallala. Na rubuta wa kamfanoni uku, kuma a kowace takarda na faɗi dalilin korata, don gara su ji daga gare ni.

Jiya da rana matar gidan ta ƙwala mini kira, wai waya. Keogh ne. Lauyansu ya gano cewa ba za a sa kare gaban kyamara ba sai da izinin mai shi a rubuce, kowane mako, kuma mai shi na da ikon tsayawa a wurin. Sun aika gidan karnuka a dubo ko wane ne, sai suka ga sunana.

Ya ce, "Uwar Littafi, kin san da wannan?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba, ranka ya daɗe. Da na sani ma haka zan yi."

Ya ja tsaki ya ce, "Litinin, ƙarfe bakwai. Ki zo da alƙalami. Kuma ban da magana."

Na ce masa zan zo shida da rabi, kuma ba za a sa karena cikin ruwan sanyi ba.

Ka kula mini da kanka. Allah Ya ƙara maka lafiya.

'Yarka mai ƙaunarka kullum,
Wilma Sorensen