Ɗana yana yawon duniya, yana biya da gidana

Malama Afaf,

Ki taimake ni da shawara, don ni kam dabara ta ƙare mini. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filinki ba. Shekara da shekaru ina karanta shi ina taɓe baki, ina cewa mutane sun rasa aikin yi suna shanya tsummokaransu a jarida. To yau ga nawa tsumman na kawo.

Ni tsoho ne, na ba sittin baya da daɗewa. Ina zaune a Iskandariyya, unguwar Muharram Bek, hawa na huɗu, a gidan hayar da mahaifina ya kama tun ina ɗan makaranta. Na yi karatu a zamanina, ba na wasa ba. Faransanci da Ingilishi na karanta a jami'a, malamai suna cewa wannan yaron sai Paris ta ji shi. Paris ba ta ji ni ba. Tashar jiragen ruwa ce ta ji ni, a nan na ƙarar da ƙuruciyata ina fassara takardun shinkafa da katako. Jirage su zo su tafi, ni ina kan kujera ɗaya har ta lotsa. Waɗanda nake gyara wa jimla a aji su ne yanzu ake buɗe wa ƙofar mota. Ban faɗi haka don ki tausaya mini ba, sai don ki san da wa kike magana.

Matata ta rasu, Allah ya jiƙan ta. Ɗa ɗaya ta bar mini, Mazin. Ya karanta harhaɗa magunguna, ya samu aiki a wani babban kantin magani, na ce alhamdulillahi, ko ɗaya daga cikinmu zai zama mutum. Bayan rasuwar uwarsa sai ya sayo wata ƙatuwar jakar goyo, ya ce zai je Dahab, nan cikin Masar, ya sha iskar teku ya dawo. Daga Dahab sai na ji shi a Siri Lanka. Daga can Bankok, daga can Kuwala Lumpur, daga can wasu tsibirai da ni kaina, da na san sunan tashoshin duniya, sai da na duba taswira. An doshi shekara uku ke nan.

Kada ki ɗauka kuɗi gare shi. Motar da ke kwana a hanya yake shiga don kada ya biya kuɗin ɗaki. A manyan birane yana sauka a irin masaukin nan da ake jibge mutum goma a ɗaki ɗaya, gado kan gado, ya ci abincin bakin titi. In aljihu ya bushe sai ya tsaya a wani garin bakin teku inda masu kuɗi ke hutawa, ya wanke kwanuka, ko ya jera musu kujerun shan rana a kan yashi. Mai digirin magani! Amma mafi yawan lokaci a gidajen mutane yake kwana kyauta, kuma daga nan tawa masifar ta faro.

Kin san bakinmu, mu Misirawa. Kin san gayyatar masu kwale-kwale: mutum yana tsakiyar kogi yana cin abincinsa, ya ɗaga murya ya ce wa na bakin gaɓa bismilla, ya san sarai ba zai iso ba. Ka ce wa mutum gidana gidanka ne, ya ce Allah ya raya gida, kowa ya kama gabansa. Mazin ya ɗauki wannan bakin ya kai ƙasashen da ba su san wasan ba. Duk wanda ya shimfiɗa masa tabarma, duk wanda suka raba kuɗin mota da shi, sai ya dafa ƙirji ya ce, in ka zo Masar gidan babana gidanka ne. Su kuwa sai su ce ya faɗi sunan titin.

Na farko da ya zo wani ɗan Filifin ne. Ina zaune da rana sai na ji Ammu Ragab, mai gadin gidanmu, yana kwarara kira daga ƙasan bene: "Ustaz! Ga wani ɗan dako da kayansa a baya, wai gidanka gidansa ne! In hau da shi ko in kira masa mota?" Kafin in sa takalmi yaron ya iso, ya rungume ni yana kira na Baba. Me zan yi? Mahaifina mutumin Suhaj ne, can kudancin Masar, a gidanmu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya sha. Na ɗora shayi, na sauka na sayo wake da gurasa. Ya kwana a gadon Mazin.

Tun daga ranar ƙofa ba ta huta ba. 'Yan mata biyu daga Koriya, wani ɗan Barazil mai jita, wasu ma'aurata da suka ce kifi ma ba sa ci, a Iskandariyya. Yashi a banɗaki, jiƙaƙƙun riguna a baranda, takalma masu wari a bakin ƙofa. Ingilishin da na sha wahala a kansa yanzu amfaninsa ɗaya, in yi wa baƙo bayani cewa famfon ruwan zafi hagu ake murɗa shi. Ammu Ragab ya raɗa wa gidan suna Otal ɗin Ustaz, tauraro biyar, ruwa ba ya hawa sai da asuba. A wurin shan gahawa kuwa, ina shiga abokan dara za su fara: "Ranka ya daɗe jakada, yau wace ƙasa ce ta kawo takardun kama aiki?"

Za ki ce in rufe ƙofa mana. Ga abin da ya hana ni. Idan Mazin ya kira ni, maganarmu ba ta wuce ka ci abinci, na ci, kana shan maganinka, ina sha. Sai mu yi shiru har ɗayanmu ya ce layin ba kyau. Amma waɗannan masu jakar sun san wani Mazin da ban sani ba. Sun ce yana dafa musu kushari, dafa-dukanmu na Masar, a bakin teku da tukunyar aro, yana sa mota guda dariya, ya iya ciniki da yare huɗu. Ɗan Barazil ɗin ya ce mini, ai kai ne Baban da ya san kowace tashar jirgin ruwa a duniya, kullum sai ya ba mu labarinka. Na tashi na shiga kicin kamar zan duba shayi. Na ƙi jinin takalmansu, Malama, amma in aka kwana biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa sai in kama kaina a baranda ina leƙen titi.

Daga bakin wata baƙuwa 'yar Maleshiya na ji abin da ya fi ƙona mini rai. Muna karyawa ta tambaye ni ko Mazin ya warke sarai. Na ce daga me? Ashe bara zazzaɓin nan mai karya ƙashi ya kayar da shi a wani tsibiri da ake kira Lombok. A tashar mota ya faɗi. Wata mata mai gasa kifi ta ɗauke shi zuwa gidanta ta yi jinyarsa, ɗanta Zulhadi shi ya goya shi a baya har asibiti. A cikin waɗancan kwanakin ya kira ni, na tuna, ya ce lafiya lau yake, mura ce ta shaƙe masa murya.

Ana cikin haka tsohon mai gidanmu ya rasu, ɗansa Wa'il ya gaji ginin. Ba ɓoyayyen abu ba ne, so yake ya fitar da mu tsofaffin 'yan haya masu biyan tsohon farashi ya zuba sababbi. Ya hawo da kansa, da turarensa da makullin motarsa a hannu, ya ce: "Ustaz, kai uba ne a wurina, a kan kafaɗarka na girma. Amma in na ƙara ganin jaka ɗaya ta hau benen nan, lauya ne zai gaishe ka. Gida aka ba ku haya, ba otal ba." An ce mini akwai maƙwabta biyu da suka shirya rantsewa cewa dala nake karɓa. Allah shaida ne ban taɓa karɓar ko sisi ba. In gidan nan ya fita daga hannuna, fanshona ba zai kama mini ko ɗaki a saman rufi ba a garin nan.

Ƙarshen watan nan Zulhadi zai iso. Ya tara ɗan abin da ya tara, ya ɗauki jakarsa shi ma, zai ga Alƙahira ya biyo ta nan. Mazin ya turo mini saƙon murya: "Baba, wannan ba kamar sauran ba ne. Ka ba shi gadona, ka kai shi cin kifi a Bahari." Bai ce komai game da zazzaɓin ba, bai san na sani ba. Ni ma ban gaya masa maganar Wa'il ba. Wane uba ne zai ce wa ɗansa ba shi da iko da ƙofar gidansa? Kuma in na ce ya daina turo su, me ya rage tsakanina da shi, ban da ka ci abinci, na ci?

In na buɗe wa yaron nan, ina iya kwana a titi da tsufana. In na mayar da shi, na mayar da bayan da ya goyi ɗana, kuma na san Mazin ba zai yi faɗa ba, shiru kawai zai ƙara yi. Na juya abin ta kowace fuska. Karatuna bai taɓa fitar da ni daga komai ba, wannan ma bai fitar da ni ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Mai Masaukin Dole,
Iskandariyya

Ustaz,

Allah ya jiƙan uwargida, ya ƙara maka lafiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na yi dariya a wasu wuraren, ka yafe mini, don kai ma ka san ka iya ba da labari.

Bari in fara da ɗanka. Ya yi kuskure. Rufin da ke kanka ba nasa ba ne da zai riƙa biyan alherin mutane da shi ba tare da ya tambaye ka ba. Amma ka lura, yaron da ya gudu daga ubansa ba ya turo masa duk wanda ya ƙaunata a hanya. Ba ya kuma zama a bakin teku yana yi wa baƙi alfahari da shi. Abin da kake gani wulaƙanci, ina jin a wurinsa gaisuwa ce, ta mutumin da bakinsa ke nauyi. Ka san inda ya gado nauyin bakin.

Maganar gida ba ta jira. A cikin makon nan ka ɗauki takardar hayar ka je wurin lauya, ba abokan dara ba. A iya sanina baƙon da bai biya ba ba ɗan haya ba ne, amma ni ba lauya ba ce, kada ka jingina rufinka da maganata. Ka tambaye shi har da abin da hukuma ke buƙata daga mai saukar da ɗan wata ƙasa. In ya ce ba matsala, ka sanar da Wa'il tun kafin ranar, a gaban Ammu Ragab, cewa baƙo ɗaya ne, ga sunansa, ga abin da ya yi wa ɗanka, ga ranar tafiyarsa. In ya ce akwai haɗari, to kada ka yi taurin kai. Ka tari Zulhadi a tashar jirgin ƙasa da kanka, ka kama masa ɗaki mai tsabta a ƙaramin masauki, ka ajiye jakarsa can, ku ci kowane abinci tare, ka zaga da shi gari. Ɗan mai gasa kifi ya san abin da ake nufi da mai gida ya matsa wa mutum, ba zai ga baƙinka ba. Bayan shi kuma, ka rufe ƙofa ga waɗanda ba ka sani ba. Ka yi iyakar karamcinka, ba wanda zai zarge ka.

Sai dai duk wannan ba zai yi amfani ba in ba ka kira Mazin ba, kuma kafin yaron ya iso. Shi ya ɓoye maka zazzaɓi don kada hankalinka ya tashi, kai ka ɓoye masa lauya don kada girmanka ya zube. Kowannenku yana kare ɗan'uwansa daga gaskiya, shi ya sa ba ku da abin faɗa a waya. Ka ce masa ka san ya kwanta a Lombok. Ka ce masa ana neman fitar da kai. Kada ka ambaci digirinsa, kada ka tambaye shi yaushe zai dawo. In shiru ya zo, ka jure masa, kada ka ajiye wayar.

Ba zan yi maka alkawarin zai haɗa jakarsa ya taho ba. Mai yiwuwa ya zo, mai yiwuwa ya ƙara shekara. Amma a yanzu yana yanke shawarar rayuwarsa ne da zaton ubansa yana zaune lafiya, bai rasa komai ba, bai kuma buƙatar kowa. Kai ka sa masa wannan zaton, kai kaɗai za ka iya cire shi. Ka cire, ka bar shi ya zaɓa da saninsa.

Allah ya tsare maka gidanka, ya dawo maka da ɗanka lafiya a lokacin da ya fi alheri. Ka gaishe mini da Zulhadi, ka ce ya gaida mahaifiyarsa.

Afaf