Waken Zulai Mai Ɗigo-ɗigo

Andarai, farkon damina

Zuwa ga ɗiyata Raihanatu, malamar gona a Aliero,

Gaisuwa mai yawa. Ina maigidanki? Ina amaryata Naja'atu, jikar da ta yi mini yaji tun tana goye?

Bayan haka, ubanki ya yi ta'asa. Yunwa ta kama ni, na jawo tulu na dafa wake, har ina yabon hannuna. Tokar da ke ciki ma ba ta tunasshe ni iri ne ba. Sai da na suɗe tukunya na gane na marigayiya Innarki Zulai ne, mai ɗigo-ɗigon nan kamar zabuwa, wanda ta ce in auna miki tiya guda ki shuka gidanki. Na cinye gadonki da manja.

Na tafi Kimba wurin Abdulwahab, da ta taɓa ba shi irin. Ya ba ni tafi guda, amma ja ne wur, ba ɗigo ko ɗaya. Ya ce kusa da nasa jan wake ya shuka shi. In dafa wannan ma?

Yaushe za ki zo?

Ubanki da karatunsa ya tsaya aji huɗu,
Mamuda

Aliero

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Don Allah kada ka dafa. Ƙudan zuma ne suka haɗa furen waken Inna da nasa. Jan ya rufe ɗigon, bai kashe shi ba: yakan ɓuya a 'ya'ya, ya fito a jikoki. Ka shuka duka, nesa da wani wake.

Zuwa kuwa, ka yi haƙuri. Nakan kai Jega, in shiga motar Maiyama, in tuna ba ita za ta tarbe ni ba, sai in sauka.

Allah ya ƙara girma.
Raihanatu

Andarai, kaka

Raihanatu,

Sallama. Ɗigon ya fito! Na fasa wata kwasfa, sai ga Innarki tana kallona. Na zauna kan kunyar gona, na ce wa masu wucewa ƙaiƙayi ne ya shiga mini ido.

Ashe shi ya sa wushiryarta ta tsallake ki, an ce ta sauka bakin Naja'atu. Ni ban gani ba.

Abin da na tsince bai cika ludayi ba, idona kuma ya daina rarrabe ja da ɗigo. Ki kawo amaryata ta taya ni. Tiyarki tana wuyana, sai wata damina.

Kada ki sauka a Jega.

Mamuda